Giram Ɗari da Ashirin na Na'ana'a

Shekara ashirin da shida ke nan ina aikin duba ma'auni. Ni ne mutumin nan da yake shiga kasuwa da akwatin katako cike da duwatsun awo, mahauta na hango ni su hau goge sikeli da gefen riga, kamar gogewa za ta cire ƙaryar da ke cikinsa. Aikina shi ne kama wanda ya ce abu ya cika alhali bai cika ba. Ina so a riƙe wannan, zai yi amfani a gaba, ko da yake ba ni zai amfana ba.

Matata, Maman 'Yan Biyu, tana da wani haɗi da take yi tun kafin in aure ta. Sukari ne da gishiri da ganye: na'ana'a da ɗoɗɗoya da take shukawa a tsofaffin bokitai a bayan kicin, sai ɓawon lemun tsami da ɗan masoro da citta. Idan ta gama yana fitowa fari da ɗigo-ɗigon kore, yana zuba daga cokali kamar yashi. Ka barbaɗa shi a gasasshen kifi ko dafaffen ƙwai ko yankakkiyar abarba, zaƙi ne zai fara yi maka sallama, kafin ka amsa gishiri ya shigo, ƙamshin ganyen kuwa ya zauna maka a hanci har la'asar. Ba ta taɓa auna komai ba. Tafin hannu, sai tsunkule da yatsu uku. Na yi shekaru ina tsayawa a ƙofar kicin ina sanar da ita cewa hannu ba ma'auni ba ne, ita kuma tana cewa, "To ranka ya daɗe, kama ni ka kai ofis."

Ofis ɗin kuwa ta je, amma a cikin kwalba. Ta saba cika min wata ƙaramar kwalba mai jan murfi in tafi da ita wurin aiki, don ni da abincin da ba ɗanɗano ba ma shiri. A ɗakin ajiyar fayil muke cin abincin rana, mu biyar a kan tebur ɗaya mai guntuwar ƙafa da aka tokare da tsohon kundi. Wata rana, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, babbar sakatariyarmu, wadda kowa har shugaban ofis ke kira Yaya, ta miƙo hannu ta barbaɗa a kan ƙwanta. Ta tauna, ta tsaya, ta dube ni.

"Wa ya haɗa wannan?"

Bakina cike yake da ƙwai. Na buɗe shi da niyyar in ce mutuniyar gidana ce, sai na ga yadda su huɗu suka zuba min ido. Ba a taɓa kallo na haka ba. Mai duba sikeli ba ya samun irin wannan kallon. Abin da ya saba gani shi ne harara. Na haɗiye ƙwan, na ce, "Ɗan abin da nake taɓawa ne a ƙarshen mako."

Ko minti ɗaya maganar ba ta ɗauka ba. Da na gyara washegari, da dariya za a yi a wuce. Ban gyara ba. Kafin wata ya ƙare direban ofishinmu ya laƙaba min Mai Kwalba, sunan kuma ya bi ni har shugaban ofis yana kira na da shi a taro. Ina amsawa da sunkuyar da kai irin na mutumin da ba ya son yabo.

A gida kuwa, duk lokacin da na dawo da kwalbar wayam, Maman 'Yan Biyu takan karɓa tana wankewa ta ce, "Me suka ce?"

"Sun ci," nake cewa, in wuce in cire takalmi.

Matsala ta fara ne da suka soma tambayar yadda ake yi. Mutum irina ba zai ce tafin hannu ba. Don haka wata Asabar, Maman 'Yan Biyu ta tsinko ganyenta ta tara a tire, aka kira ta a waya, ta shiga ɗaki. Na lallaɓa da ƙaramin sikelina na aljihu kamar ɓarawon kaza, na auna komai: na'ana'a giram ɗari da ashirin, ɗoɗɗoya tamanin, ɓawon lemo talatin da biyar. Sukari da gishiri na auna robobinsu kafin ta yi haɗin da kuma bayan ta yi, na ɗebe wannan daga wancan. Na rubuta a bayan littafin aikina da kyakkyawan rubutu. Na san ranar Asabar take tsinkar ganye, na san ranar Alhamis kwalba take cika. Abin da ke faruwa tsakanin Asabar da Alhamis ban taɓa tambaya ba, a ganina harkar mata ce ta jan lokaci.

Na karanta musu lissafin a ofis kamar mai karanta doka. Yaya ta rubuta, ta je ta gwada, ta dawo ranar Litinin ta ce nata ya fito kamar taɓo.

"Sikelinki ne," na ce. "Kawo shi in duba."

Ta kawo. Lafiyarsa ƙalau, na ɗora masa duwatsuna bai kauce ko da ƙwayar gero ba. Duk da haka na sa sukurdireba na ɗan murɗa wata ƙusa na mayar, na miƙa mata ina girgiza kai. Abin da zai ba ku mamaki, a zuciyata na yarda laifin daga wurinta yake. Lissafina ba ya ƙarya.

Haka muka zauna har watan da ya wuce, ranar da Maman 'Yan Biyu ta zame a ƙofar banɗaki, a kan tayil ɗin nan da na yi wata takwas ina cewa zan kira mai gyara. Hannunta na dama ya karye a wuyan hannu. Aka ɗaure shi cikin farin filasta tun daga yatsu har gwiwa, aka rataye mata shi a wuya. 'Yan biyun suna makaranta nesa, don haka gida ya koma hannuna, na kuma gano ban san inda ashana take ba.

Asabar ta biyu da faɗuwar, da rana, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ce, da ledar lemo a hannu. Ban gaya wa kowa kada ya zo dubiya ba, don ta yaya mutum zai faɗi haka? Amma na yi ta addu'a a ɓoye.

Suka gaisa a falo, sannu, ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Ina kawo ruwa a kofunan da ba su dace da juna ba sai na ji Yaya tana cewa, "Ke kam ƙanwata, Allah ya rufa miki asiri. Da wata ce hannu ya karye, da gidan ya mutu. Amma mai miji irin naki, mai hannun girki? Wannan haɗin sukarin nasa, shekara goma sha ɗaya muna ci, ba mu gaji ba."

Na tsaya da tire a hannu.

Maman 'Yan Biyu ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi, ita na saba da ita. Kallo ne irin na wanda ya buɗe wasiƙa ya tarar ba shi aka rubuta wa ba. Sai ta juya wajen Yaya, ta gyara zaman hannunta a cikin maratayin.

"Haka ne," ta ce. "Yana ƙoƙari."

"Ƙoƙari? Ai sunansa ma a ofis Mai Kwalba. Bai faɗa miki ba?"

"Ba ya son yabon kansa."

Na ajiye tiren a hankali.

Yaya ta sha ruwa, ta ce ai da wata buƙata ma ta zo. Ƙarshen wata za ta yi ritaya, kwalbar jan murfi kuma ba za ta bi ta gida ba. Ta gwada sau uku da lissafin da na ba ta, abin ya ƙi. Tunda ga ta ga malamin, tana so ta gani da idonta ko sau ɗaya.

Na ce ganye bai isa tsinka ba. Na ce sukari ya ƙare. Na kusa cewa kaina na ciwo.

"Ganye ya yi," in ji Maman 'Yan Biyu. "Sukari akwai sabuwar leda a kabad. Ku shiga ya nuna miki, Yaya. Ni ma in zauna in kalla, na daɗe ban gani ba."

Na ɗauko mata kujerar roba na ajiye a ƙofar kicin, daidai inda na saba tsayawa ina koya mata ilimin awo. A lokacin ban ji tsoro sosai ba, wannan ne abin kunyar da ya fi. Ina da lissafi a littafi. Na ce a raina, abin da tafin hannu ya iya, sikeli zai fi iyawa, wataƙila ma yau ne zan zama abin da na daɗe ina cewa ni ne.

Na tsinko ganye, na wanke, na yarfe ruwan. Na nemi turmi, na buɗe ƙofofin kabad uku.

"Bayan buhun shinkafa, Baban 'Yan Biyu," ta ce. "Ka manta inda ka ajiye."

Na kafa sikelina a kan tebur, na duba cewa yana zaune daidai. Na'ana'a ta nuna ɗari da ashirin da ɗaya, na cire ganye guda, na nuna wa Yaya lambar. Ta gyaɗa kai tana rubutawa a bayan ambulan. Na zuba komai a turmi lokaci ɗaya, ganye da sukari da gishiri da ɗanyen ɓawon lemo, na kama taɓarya.

Dakan farko ƙamshi ya tashi, na ji ƙarfin gwiwa. A na goma sukarin ya fara yin duhu. A na ashirin ƙarar turmin ta canza, ta daina cewa ƙwas ta koma caɓ. Na leƙa. Wani koren abu ne mai yauƙi ya manne a bakin taɓarya, yana ɗiga a hankali. Na ƙara sukari ba tare da na auna ba, ni da kaina. Ya shanye shi ya ƙara kumbura. Zufa ta gangaro min ta bayan kunne.

Yaya ta leƙo ta saman tabaronta. "Ai irin nawa ne wannan."

"Yanayi ne. Akwai laima a iska yau."

"Ko dai sikelinka ne yake so a duba?"

Na ci gaba da daka, don muddin ina daka ba sai na yi magana ba. Sai muryar Maman 'Yan Biyu ta zo daga ƙofa, a hankali, ba gatse a ciki ko kaɗan.

"Laifina ne, Yaya. Ni na sa ya ba shukar ruwa da yawa da safe. Ganyen ya ƙoshi da ruwa, shi ya sa. Ba haka yake yi masa ba."

Da ta yi dariya, da na jure. Da ta tona ni, da na yi fushi, fushi kuwa wurin ɓuya ne mai kyau ga namiji mai shekara hamsin da huɗu. Amma mace ce zaune da karyayyen hannu, wanda ta karya a kan tayil ɗina, tana ɗaukar laifin taɓona ta ɗora wa kanta don kada in ji kunya a gaban abokiyar aikina. Ba ita ce ƙarya ta farko da ta yi saboda ni a cikin awa ɗaya ba, ita da ban taɓa kama ta da ko ɗaya ba.

Na jingine taɓaryar.

"Yaya," na ce, ina kallon cikin turmin, "ban taɓa haɗa wannan abin ba. Ko sau ɗaya. Ita take yi. Ni ɗauka nake in kai."

Yaya ta cire tabaronta, ta ninke, ta saka a jaka.

"Shekara goma sha ɗaya," ta ce.

"E."

"Da ka kwance min sikeli fa?"

"Lafiyarsa ƙalau."

Ta juya ta ba ni baya gaba ɗaya, kamar na fita daga ɗakin. Ta durƙusa kusa da kujerar roba, ta kama hannun hagun Maman 'Yan Biyu da hannu biyu. "Ƙanwata, yafe min. Ashe duk shekarun nan ɗan aike nake yi wa godiya. To faɗa min, me muka rasa?"

Maman 'Yan Biyu ta aike ni ɗakin yara, ta ce in duba saman wadrob. Na taka kujera. Manyan tire biyu ne a can, an rufe su da farin mayafi mai shara-shara. A gidana, a saman kaina, ban taɓa sanin suna nan ba. A kusurwar ɗaya akwai ragowar busasshen ganye, kore shar kamar ba a shanya ba. Na sauko da su.

Ta sa Yaya ta murza ganye ɗaya tsakanin yatsu, ya marmashe. Ta ce kwana biyar ake shanyawa, a inuwa, don rana tana kwashe ƙamshi ta bar maka ciyawa. Ɓawon lemo ma haka, a kankare farin cikinsa tukuna saboda ɗaci. Sai ganyen ya yi ƙara a hannu sannan a daka shi da gishiri kaɗai, gishirin ne yake cinye shi ya yi laushi. Sukari ba ya shiga turmi. A ƙarshe ake zuba shi a kwano a juya da hannu. Yaya ta soke duk abin da ta rubuta a bayan ambulan ta sake sabo. Ba giram ko ɗaya a ciki.

Da za ta tafi na raka ta ƙofa. Ta ce, "Sai Litinin," ba ta haɗa da wani suna ba.

Na dawo na hau kankare turmi da cokali. Maman 'Yan Biyu tana nan a kujerarta. Na shirya jawabi mai sassa uku, na fara da cewa abin ya faro ne da wasa.

"Sunan bai dame ni ba," ta katse ni. "Su kira ka Mai Kwalba, su kira ka Mai Tukunya. Amma duk ranar da ka dawo ina tambayar ka me suka ce."

Na ci gaba da kankara.

"Kana cewa sun ci. Sai na ɗauka bai yi musu ba, kara ce kawai suke yi maka. Sau biyu ina rage gishiri. Akwai shekarar da na canza lemo, na je har wata kasuwa neman mai ƙamshi, ko za su ce wani abu. Ka dawo ka ce sun ci."

Na tuna shekarar. Yaya ta ce min a lokacin, Mai Kwalba, wannan karon ka wuce kanka. Na kuma tuna abin da na amsa mata: na ɗan gyara lissafi ne.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in tsinko sabon ganye kafin rana ta faɗi, in goge kowanne da tsumma, in baza kada su hau juna. Na yi. Na hau kujera na mayar da tire saman wadrob, na rufe da mayafi. Sauran yinin ba ta yi min magana ba sai abin da ya shafi maganinta.

Ranar Litinin na faɗa wa sauran a ɗakin fayil, a tsaye, kafin a buɗe kwanuka. Na so Yaya ta riga ni ta rage min aiki, amma ba ta gaya wa kowa ba, ta bar min kayana. Shugaban ofis ya yi tari ya kalli silin. Direba ya daɗe yana tauna, sannan ya ce, "To a gaishe ta. Miƙo gishirin nan, Mijin Mai Kwalba." Ba wanda ya yi dariya sosai, sunan kuma ya zauna daram. Da shi ake kira na yanzu har a waya. Na auna shi ta kowane gefe, ya cika.

Kullum da yamma ina hawa kujera in juya ganyen. Ranar Alhamis ya yi ƙara a hannuna. Na sauko da shi, na ajiye mata kujerarta, wannan karon a cikin kicin. Na ɗauko sikeli don sabo, ta dube shi, na mayar aljihu.

"Buɗe hannunka," ta ce. Ta ɗora tafinta na hagu a kan nawa, ta gwada. "Naka ya yi girma. Inda nake zuba uku, kai zuba biyu da kaɗan."

"Kaɗan ɗin nawa ne?"

"Zuba, zan ce maka ya isa."

Na daka ganye da gishiri, turmin yana cewa ƙwas har ƙarshe. Na juye a kwano, na zuba sukari, na sa hannu ina juyawa. Yana bin tsakanin yatsuna a bushe. Ban ɗago kai ba na ce, "Direba ya taɓa cewa matarsa tana da ciki ba ta iya cin komai, sai abarba da wannan. Wata biyu ina ɗibar masa a takarda."

Na sake juyawa, na ci gaba da magana.

"Shugaban ofis ya sace min kwalbar sau ɗaya, ya tafi da ita gida, ya dawo da ita rabi ya ce a mota ya tsince ta. Shekarar da kika canza lemo, Yaya ta gane a cokalin farko. Ta ce ba a taɓa yin kamarsa ba."

"Ta gane?"

"Ta gane."

Ta tsoma yatsa ɗaya a kwanon, ta ɗanɗana, ta ƙara gishiri tsunkule guda da hannun hagu. Ta gyara zama, ta jingina da bango.

"Ci gaba da juyawa," ta ce. "Sai wa kuma? Me ya ce?"